Amsa: Ina zan kai ɗalibaina su ga itatuwa a Kebbi?

Malama, kin ce kina koyarwa a firamare a Birnin Kebbi, kina son kai yara lambun tsirrai inda wani zai zagaya da su yana musu bayani. Ki fara da sashen nazarin halittu na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko jami'ar jiha da ke Aliero. Ki rubuta musu takarda da sa hannun hedimasta, ki nemi malami ɗaya ya raka ku.

Amma ni a ganina kada ki tsaya jiran lambu mai shinge da alluna irin Kew na Landan, wanda aka kafa tun 1759. Bakin fadama ma aji ne. Ki samu dattijon manomi ya shige gaba. Ya nuna musu gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani, shi ya sa gero ke kyau a ƙarƙashinsa. Su ɓare bagaruwa su shinshina, a gaya musu da ita majema ke jeme fata. Su bambance giginya da goruba: goruba ce ke yin rassa. Dogonyaro kuwa, da suke ganin ɗan gida ne, asalinsa daga yankin Indiya aka kawo shi.

Ku fita da sassafe a watan Oktoba, ganye bai bushe ba. Kowa da takalmi rufaffe da gorar ruwa, saboda ƙaya da ƙarangiya. Ki kuma hana su kai kowane 'ya'yan itace baki sai dattijon ya ce a ci.