Tambayoyinku: Hoton da ke wayarka ba ya kama satar gida

Kusan duk saƙonnin da suka shigo mini wannan makon na ƙwallo ne, kuma da zafinsu suka zo. Na tsamo uku.

Wani ɗan'uwa mai shagon cajin waya a Wunti ya rubuto: "Malam, an soke mana ƙwallo wai satar gida. Na tsayar da bidiyon a wayata na ɗauki hoto, ƙiri-ƙiri ɗan wasanmu bai wuce ɗan bayansu ba. Na'urar VAR ƙarya take yi ne?"

Ɗan'uwa, na san ciwon, amma hoton nan naka ba zai zama hujja ba. Kafin ka ce na goyi bayan alƙali, yi wannan gwajin a shagonka. Jera robobin ruwa biyu a ƙasa kafaɗa da kafaɗa, ka koma gefe ka ɗauke su a karkace. Za ka ga ɗaya ta sha gaban ɗaya, alhali da hannunka ka jera su. Haka kyamarar talabijin take, ba kasafai take zama daidai saitin ɗan baya na ƙarshe ba.

Sai maganar lokaci. Bidiyo hotuna ne da ake jerawa da sauri, kuma kyamarorin talabijin na gasar Firimiya suna ɗaukar 50 a daƙiƙa guda. Ɗan wasan da ke gudun kilomita 30 a awa yana cin kusan santimita 17 tsakanin hoto da hoto. In ɗan baya kuma yana fitowa, tazarar ta ƙaru. Ka tsayar da bidiyon hoto ɗaya kafin ƙafa ta taɓa ƙwallo, ba satar gida. Hoto ɗaya bayan nan, ya shiga. Balle guntun bidiyon da ya biyo ta WhatsApp, an matse shi har ya dusashe.

Wannan matsalar ce ta sa a gasar cin kofin duniya ta Ƙatar a 2022 aka kafa kyamarori 12 a ƙarƙashin rufin fili, suna bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa. A cikin ƙwallon kanta aka sa wata 'yar na'ura mai aika bayani sau 500 a daƙiƙa, don a san ainihin lokacin bugu. Firimiya ta fara amfani da nata tsarin mai kama da wannan a Afrilun 2025.

Ban ce ba a zalunci ba. Ranar 30 ga Satumba 2023 Luis Diaz na Liverpool ya ci Tottenham ƙwallo halastacciya, ɗan tuta ya ɗaga. A ɗakin VAR, inda ake sake duba bidiyo don taimaka wa alƙali, an ja layi an ga ba satar gida, amma mai duban ya ɗauka alƙali ya riga ya ba da ƙwallon, sai ya ce an gama dubawa. Wasa ya ci gaba, ƙwallo ta tafi a banza. Hukumar alƙalan Ingila ta amsa laifi, ta saki muryoyin kowa ya ji. Layin daidai yake, mutanen ne ba su fahimci juna ba.

Wata ɗaliba daga Yalwa ta tambaya: "Ranar Asabar ƙwallo ta taɓa hannu an ba da fenareti, ranar Lahadi irinta sak ba a bayar ba. In akwai kwamfuta, me ya sa hukunci ke bambanta?"

Ƙanwata, saboda ba kwamfuta ke yanke hukuncin ba. Wannan shi ne abin da nake so kowa ya riƙe. Na'ura tana auna wuri da lokaci, ba ta auna niyya. Inda take yanke magana ita kaɗai shi ne layin raga: kyamarori bakwai kan kowace raga, ƙwallo na tsallakawa agogon hannun alƙali ya girgiza cikin daƙiƙa guda. An kawo ta bayan ƙwallon Frank Lampard da aka hana Ingila a wasanta da Jamus a 2010. Ita ma ta taɓa makancewa a Yunin 2020, wasan Aston Villa da Sheffield United, da 'yan wasa da turken raga suka tare kyamarorin.

VAR kuwa mutum ne zaune gaban allo. Da aka shigar da shi doka a 2018, abu huɗu aka ba shi: cin ƙwallo, fenareti, jan kati kai tsaye, da ba wani kati a madadin wani. Ko a nan ma sai kuskuren ya fito fili ƙarara. To wa zai ce ya fito fili? Mutum. Doka ta 12 ta ce laifi ne in ɗan wasa ya buɗe hannu ya ƙara wa jikinsa faɗi ta yadda motsinsa bai buƙata ba. Alƙalai biyu masu gaskiya za su kalli hannu ɗaya su saɓa. Ga shi hukumar IFAB mai tsara dokokin ta taɓa wannan doka a 2019, ta sake gyara ta a 2021. A ganina nan ne kukan 'yan kallo yake da hujja: ana sauya doka, ba a zuwa inda mutane suke a yi musu bayani. A gidan kallo za ka ji mutum uku suna musu har jijiyar wuya, kowa da dokar shekarar da ya sani.

Sauke manhajar Laws of the Game ta IFAB, kyauta ce, dokokin 17 duk suna ciki, da Turanci da wasu harsuna. Ki riƙa leƙawa duk watan Yuli, lokacin sababbin gyare-gyare ke fara aiki. In kuma kin je filin Abubakar Tafawa Balewa kallon Wikki Tourists, ki tuna alƙalin nan ba shi da allo, idonsa ne da 'yan tutarsa biyu, kallo ɗaya kuma yake samu.

Ta ƙarshe daga Gwallameji: "Ina kallo a waya, sai in ji gidan kallon layinmu sun yi ihun cin ƙwallo ni ban gani ba."

Ba wayarka ba ce ta lalace, Malam. Bidiyon intanet sai an yanka shi gutsi-gutsi, wayarka ta tara kaɗan kafin ta nuna maka don kada ya riƙa tsinkewa. Shi ya sa gidan kallo mai amfani da tauraron ɗan'adam kan riga ka, wani lokaci da rabin minti ko fiye. Ba za ka kawar da jinkirin gaba ɗaya ba. Rufe manhajar ka sake buɗewa in ta ja baya sosai, ka rage ingancin hoto in sabis ya yi rauni, sannan ka kashe sanarwar manhajojin sakamako har a tashi wasa.