Idon magena daya ya shige ciki, mene ne wannan?

Tambaya: Salam likita, don Allah a taimaka min. Magena ce kwana 5 kenan idonta na hagu ya dan shige ciki, bakin tsakiyar idon ya kankance kamar kan allura, ga wani farin tantani ya taso ya rufe kusan rabin idon, amma tana cin abincinta lafiya lau sai dai yawan sosa kunne da karkada kai. Makwabciyata tace makanta ce zata kama ta, wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikis salam 'yar uwa, kwantar da hankalinki. Abin da kika fada yayi kama da ciwon Horner, sunan wani likitan ido ne dan kasar Suwizalan da ya bayyana shi a 1869. Idon kansa lafiyarsa kalau, jijiyar da ke bude bakin tsakiyar ido ta kuma rike fatar ido ce ta tabu. Ita wannan jijiya hanyarta doguwa ce, daga kwakwalwa take saukowa ta laka zuwa kirji sannan ta hauro ta wuya ta ratsa ta tsakiyar kunne kafin ta iso ido, shi yasa sosa kunnen nan da take yi ya fi daukar min hankali, sau da yawa ciwon cikin kunne ne sila a mage. Karnuka ma suna yi, wani lokacin daga rauni a wuya ko bugun mota.

Baya makantarwa, kuma yawanci yana warkewa cikin makonni ko watanni in an magance silar. Kar ki diga mata maganin idon mutane, kar kuma ki tsokale kunnen da tsinke, ki kaita wajen likitan dabbobi ya leka kunnen a satin nan.