Gine-ginen tarihi a tsohon birnin Zanzibar: na Turawa ne ko na Larabawa?

Malam, ka tambaya ko Turawan mulkin mallaka ne suka gina wuraren tarihin da ke tsohon birnin tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Gaskiya ita ce mafi yawansu aikin sarakunan Oman ne da attajiran Indiya da Waswahili, domin Ingila ba ta karɓi ikon tsibirin ba sai a 1890.

Tsohuwar ganuwar da ke bakin teku Larabawan Oman ne suka gina ta bayan sun kori Turawan Fotugal a ƙarshen ƙarni na 17, kuma a wurin da wani cocin Fotugal yake a da aka kafa ta. A gefenta akwai fadar Baitul Aja'ib, wadda Sarkin Zanzibar Bargash, ɗan gidan sarautar Oman, ya gina a 1883, ita ce ginin farko a tsibirin da ya samu wutar lantarki. Abin takaici, wani ɓangarenta ya rushe a Disambar 2020.

Wurin da ya fi taɓa zuciyata shi ne babban cocin Anglikan, wanda aka fara ginawa a 1873 a filin kasuwar bayi, shekarar da aka rufe kasuwar bisa matsin lambar Ingila. Dukiyar kanumfari da hauren giwa da ta ƙawata birnin, har da ƙofofinsa na katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, gumin waɗannan bayi ne ya samar da kaso mai yawa daga cikinta.