Tsatsa Ta Ci Motar Baba: A Mayar Da Ita Yadda Take Ko A Sabunta Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana Mercedes 230, ƙirar W123, ta 1979. Shekara goma sha biyu ke nan tana ajiye an lulluɓe ta da tamfol. Da muka yaye, sai muka tarar ƙasan ƙofofi ya cinye, daɓen gefen direba kuwa har ƙasa ake hangowa ta ciki. Yayana ya ce a mayar da ita yadda Baba ya sayo ta, ko noti ɗaya kar a canza. Ni kuma ina ganin tunda kuɗi za a kashe, gara a sa mata injin zamani da na'urar sanyaya da manyan tayoyi, a riƙa hawa. Mun kusa ɓatawa a kan wannan magana. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Kai da Yaya duk kun yi gaggawa. Kuna ja-in-ja a kan inji da fenti, alhali a wasiƙarka ban ga inda wani ya kwanta ƙarƙashin motar ya duba ko akwai sauran abin da zai ɗauki injin ba. Daga nan za a fara, domin ƙarfen ne zai faɗa muku iyakar zaɓin da ya rage muku.

Tsofaffin motoci ƙira biyu ne. Akwai masu shasi daban, dogayen ƙarafa biyu kamar tsani, a ɗora bodi a kai a ɗaure. Akwai kuma waɗanda bodin shi ne shasin, falle-fallen ƙarfe ne aka lanƙwasa aka haɗa da walda har suka zama abu guda mai ɗaukar kansa. W123 ta wannan sahun ce. Dogon ƙarfen nan na ƙarƙashin ƙofa, wanda kake tsallakewa in za ka shiga, shi ke riƙe gaban motar da bayanta. Rami ne a cikinsa kamar bututu. In ya ruɓe, motar ta rasa ƙashin baya, kuma ranar da aka yi karo jikin zai naɗe ne da mutanen da ke ciki.

Tsatsa ba ta neman komai sai ƙarfe da ruwa da iska, gishiri kuma ya ƙara mata sauri. Tamfol ɗin da kuka rufa da kyakkyawar niyya ya tare ruwan sama, amma ya kulle raɓa da gumin ƙasa a ciki, shekara goma sha biyu ba su bushe ba. Fallen bodi kuwa kaurinsa bai cika wuce milimita ɗaya ba. A shekarun 1970 yawancin kamfanoni ba su fara rufe dukkan bodi da tutiya, wato ƙarfen da ke hana tsatsa, ba. Porsche ya fara yi wa 911 haka daga ƙirar 1976, Audi 80 ta samu a 1986. Motar Baba ta dogara ne da wani kauraren shafi mai kama da roba da aka fesa mata a ƙarƙashi. Yana aiki muddin bai tsage ba. Da ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ya kwanta, sai ka ga ƙarƙashin mota baƙi wuluk, lafiya lau a ido, bayan shafin kuwa gari ne.

Na taɓa tsayawa a kan wata irin wannan da aka ɗaga sama. Mai gyaran bodin ya ɗauki sukundireba ya dafa wurin da ake sa jak, bai ma yi ƙarfi ba. Sai ji muka yi ƙus, ta shige har mariƙi. Da ya zaro, jan gari ya biyo ta yana zuba a kan takalminsa kamar an zazzage buhu. Daga waje, abin da ake gani a wurin ɗan kumburin fenti ne da bai fi ƙurji ba. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, shi ya sa take ɗaga fenti, kuma a irin waɗannan ramuka daga ciki take farowa. Kafin ta leƙo waje ta gama aikinta.

To ku ɗaga motar, ku cire kujeru da kafet, ku fitar da batir da tayar safiya. A W123 wuraren da za ku bi da tocila da ƙaramar guduma su ne wuraren jak guda huɗu, ƙarƙashin mazaunin batir, magudanan ruwa da ke kusa da hinjin bonet (ganye kan toshe su, ruwa ya gangaro cikin mota, kuma ina kyautata zaton ta nan daɓen direbanku ya tafi), gefen gilashin gaba da na baya ƙarƙashin roba, ramin tayar safiya, sai kuma inda ƙafafun baya suke ɗaure da jiki. Ƙarfe mai lafiya yana amsa guduma da ƙara mai kaifi. Ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, kamar ka bugi kwali.

In ɓarnar ta tsaya a daɓe da ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi, wannan aiki ne da ake yi kullum, kuma ana samun sababbin falle da aka buga daidai da wuraren. In kuwa ta kai ga dogayen ƙarafan da inji ke zaune a kai, da maɗaurin ƙafafu, da bangon da ke tsakanin inji da fasinja, to a nan zan ce ku ja birki. Gyaruwa tana gyaruwa, amma sai an ɗora jikin a kan teburin awo don kar ya karkace, kuma kuɗin zai haura darajar motar nesa ba kusa ba.

Yanzu ga gardamarku. Mercedes ya ƙera W123 kusan miliyan 2.7 tsakanin 1976 da 1986. A cikinsu mai ƙofa biyu ba ta cika 100,000 ba, doguwar mai ƙofar kaya a baya kuma wajen 200,000. Taku mai ƙofa huɗu tana cikin mafi yawa. Don haka ka gaya wa Yaya cikin ladabi cewa ba wani tarihi da zai salwanta don an sa mata na'urar sanyaya, wadda kamfanin ma da kansa yake sa wa mai so tun a lokacin. Kuma duk wanda ya gyara irin wannan da niyyar sayarwa ya ci riba, da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Darajarta a wurinku ita ce Baba ya riƙe wannan sitiyarin.

Saboda wannan dalilin ne kuma ba na goyon bayanka a kan inji. Rabin abin da kuke tunawa da shi ƙarar motar ce in ta shigo, da yadda take tashi a hankali, da nauyin ƙofa in an rufe. Ka cire injin ka sa na zamani, ka sami mota mai gudu wadda ba ta Baba ba. Ga kuma abin da masu ba da wannan shawara ba sa faɗa: injin zamani yana zuwa da kwamfutarsa da wayoyinsa da famfon mai mai matsi, sai an sake mazauninsa, sau da yawa har da giya, sannan ƙarfin da ya ninka na asali zai riƙa murɗa jikin da aka yi wa faci. Takardun mota da inshora ma sai an sanar da su. Manyan tayoyi masu siririyar roba su ma haka: an ƙera ƙafafunta ne don ƙarfen taya mai inci 14 da roba mai kauri da ke shanye duka. Ka rage robar, kowane rami ya wuce kai tsaye cikin waldar da kuka biya.

Abin da nake ba ku shawara shi ne ku bar mata injinta in yana juyawa, ku canza duk abin da ake kwancewa da sufana a mayar. Sanyi, sababbin bel na kujera, fitilu masu haske, rediyon da aka ɓoye. Abin da aka cire a nannaɗe shi a ajiye, kar a sayar. Duk canjin da sai an yanka ƙarfe mai lafiya kafin ya shiga, ku bar shi. Da haka Yaya bai rasa komai ba, kai kuma ka sami motar hawa. Birkinta ma ba ya bukatar sauyi, faifai ne a ƙafa huɗu tun daga kamfani. Robobin man birki da tayoyi ne dole a zubar, komai kyansu a ido.

In bincike ya nuna jikin ya wuce gyara, ku nemi wata W123 mai lafiyar jiki da mataccen inji, ku mayar mata da injin Baba da kujerunsa da sitiyarinsa. Sai dai ta zauna da lambar shasinta da takardunta. Yanko lambar wata mota a liƙa wa wata laifi ne a ƙasashe da yawa, kar wani ya ce muku ai kowa na yi.

Wajen mai walda, ku sa ido a kan abu uku. Ya cire tankin mai kafin ya kunna wuta. Ya gicciya ƙarfe a bakin ƙofa kafin ya yanke na ƙasa, ya gama gefe ɗaya kafin ya taɓa ɗayan, in ba haka ba jikin zai lotsa, ƙofofi su daina rufuwa har abada. Sannan ya yanke har sai ya kai farin ƙarfe, ya haɗa sabo baki da baki. Wanda ya ɗora faci a kan ruɓa ya shafe da fila, ƙullun nan na cike lotsa, ya yi muku kitso da ƙwarƙwata. Ruwan maganin tsatsa da ake sayarwa a kwalba na tsatsar sama ne kawai, ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi. Bayan fenti a fesa kakin hana tsatsa cikin ramukan. Ku biya kuɗi mataki-mataki, ku ɗauki hoto kafin a rufe kowane wuri. Kuma kar ku wargaza motar gaba ɗaya a makon farko saboda zumuɗi; na ga da yawa da suka ƙare a cikin kwalaye, mai su ya manta wace noti ce ta ina.

Tambaya: Malam, maigidana ya ƙyalla ido a kan wata Volkswagen Beetle ta 1972. An yi mata sabon fenti tana ta sheƙi, mai ita ya ce ba abin da za a taɓa. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Me za mu duba kafin a biya?

Amsa: 'Yar'uwa, hankalinki ya yi daidai. Sabon fenti a jikin tsohuwar motar da za a sayar abin tambaya ne. Ku nemi hotunan aikin tun tana tsirara kafin a fesa. Wanda ya yi gyaran gaskiya yakan ajiye su, har ya ƙosa ya nuna.

Ku tafi da ɗan maganaɗisu, ku naɗe shi a ƙyalle don kar ya karce fentin, ku bi ƙasan jikin da shi. Inda ƙarfe ne zai kama, inda aka cika da fila zai saki. A Beetle wurin da ya fi muhimmanci shi ne bututun da ke bin ƙasan ƙofa dama da hagu, wanda ke kawo iska mai ɗumi daga injin da ke baya zuwa gaba. Ɗumi da sanyi suna haɗuwa a cikinsa su yi gumi, ya ruɓe daga ciki, kuma a kansa bodin yake ɗaure da daɓe. Ku buɗe ƙofa ku ɗan ɗaga ta sama. In ginshiƙin ya motsa tare da ita, gindinsa ya tafi. Sannan ku ɗaga kujerar baya. A nan batir yake, kuma ruwansa kan cinye daɓen da ke ƙarƙashi. A nan ne kuma za ku ga lambar shasi a buge a kan tudun tsakiya, sai ku gwada ta da takarda.

Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne an ƙera Beetle fiye da miliyan 21 kafin ta ƙarshe ta fito a Meziko a 2003, kuma kusan kowane yanki na jikinta ana samun sabo. Saboda haka babu dalilin gaggawa. In wannan ta faɗi jarrabawa akwai wata. Ni da za a ba ni zaɓi, zan ɗauki mai koɗaɗɗen fentin asali da tsatsarta a fili, a kan mai sheƙin da ban san abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Tambaya: Ina da Land Rover Series III. Jikinta ko ɗigon tsatsa babu. Ina so in cire injin in mayar da ita mai lantarki. Akwai matsala?

Amsa: Jikin ba zai nuna maka ja ba, malam, domin yawancinsa alminiyon ne. Shasin da bangon gaban direba su ne ƙarfe, kuma su ne ke ruɓewa, musamman gicciyen baya da hannuwan da ke fitowa gefe. Duba kuma inda alminiyon ya taɓa ƙarfe: farin gari da ƙuraje a wurin alama ce ɗaya yana cin ɗaya. Batiran motar lantarki nauyi ne da su, kar ka ɗora su a kan shasin da ba a buga da guduma ba. Sa'arka ita ce ana sayar da sabon shasi mai rufin tutiya na wannan ƙirar, kuma da yake komai ɗaure yake da noti, sauyawa aiki ne mai yiwuwa. Ka tambayi hukumar rajistar motoci ta inda kake kafin ka sauya shasi ko inji, don dokar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Ka kuma sani cewa FIVA, ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, ta bayyana a 2019 cewa ba ta ɗaukar motar da aka mayar lantarki a matsayin ta tarihi. In hakan bai dame ka ba, ka yi aikin ta yadda ba za a yanka shasi ba, ka zuba wa tsohon injin sabon mai, ka toshe bakunansa, ka ajiye shi a busasshen wuri tare da giyarsa.