Littattafaina sun hargitse a waya, wasu ma ba sa buɗewa: ya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na tara littattafai da yawa a wayata, wasu na sauke daga intanet, wasu turo min aka yi, kaɗan kuma saye na yi. Da na canza waya sai komai ya dagule: littafi ɗaya ya fito sau uku, wasu babu suna sai lambobi, wasu sun ƙi buɗewa, layukan da na ja a ƙarƙashin muhimman wurare duk sun ɓace. Masu PDF kuma rubutunsu ƙanana ne, idona har ciwo yake yi. Wace manhaja zan koma wadda za ta gyara min wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Canza manhaja ba zai raba ki da wannan matsala ba, domin ba a cikin manhajar take ba. Manhajar karatu aikinta ta leƙa ma'ajiyar waya, ta jero abin da ta gani. Idan fayilolin a warwatse suke, a warwatse za ta nuna miki su, ko wace ce ita. Abin da ya kamata ki mallaka shi ne folda guda mai tsari wadda take hannunki, manhaja kuwa ki ɗauke ta abin da za a iya sauyawa gobe.

Bari mu fara da nau'in fayil, don nan ne ciwon idon naki ya samo asali. PDF kamfanin Adobe ne ya fito da shi a 1993, kuma an yi shi ne domin shafi ya fito yadda aka tsara shi a kowace na'ura, layi bai gusa ba, hoto bai motsa ba. Wannan alheri ne ga mai buga takarda, amma azaba ce ga mai ƙaramin allo, tunda shafin da aka auna da babbar takarda shi ake matsewa ya shiga tafin hannu. EPUB, wanda ya fito a 2007, akasin haka yake. Ba shi da tsayayyen shafi. A cikinsa rubutu ne irin na shafukan intanet da aka ƙunshe wuri guda, saboda haka idan kin ƙara girman haruffa sai layukan su sake jeruwa daidai da faɗin allonki. Duk littafin da zallar rubutu ne, labari ko tarihi ko waƙa, in dai akwai zaɓi, ɗauki EPUB. PDF ki bar shi ga littafin da tsarin shafinsa ke da muhimmanci, irin mai jadawali da zane da lissafi, ko wanda za ki kafa hujja da lambar shafinsa.

PDF ɗin ma iri biyu ne, kuma mutane da yawa ba su lura ba. Akwai wanda rubutu ne na gaske a ciki, akwai wanda hoton shafukan littafi kawai aka ɗauka aka haɗa. Gane su ba wuya: danna yatsa a kan kalma ki riƙe. Idan ta zaɓu, rubutu ne. Idan ba ta zaɓu ba, hoto ne, ba za ki iya neman kalma a ciki ba, kuma shi ne ke cinye wuri a waya. Na farkon, manhajoji irin su Librera da KOReader suna iya sake jera layukansa su dace da allo. Na biyun kuwa, abin da ya fi sauƙi shi ne ki sa manhaja ta yanke farin gefen shafi, ki kwantar da wayar a kaikaice.

Za ki ji ana cewa a juya PDF ya koma EPUB kawai. Ina jan kunnenki a nan. PDF bai san sakin layi ba, ya san dai inda kowane harafi yake zaune a shafi. Idan aka juya shi, lambar shafi da taken da ke saman shafi sukan faɗo tsakiyar jimla, kalmomi su tsinke, jadawali ya watse. Daga EPUB zuwa wani nau'i juyawa tana kyau; daga PDF kuwa sai an yi sa'a. In kin juya, kada ki goge na asalin.

Waɗanda suka ƙi buɗewa, duba haruffan da ke ƙarshen sunan fayil ɗin. MOBI tsohon nau'i ne na wani kamfanin Faransa, Mobipocket, wanda Amazon ya saya a 2005, daga baya ya gina AZW3 da KFX domin na'urarsa ta karatu mai suna Kindle. Manhajojin ReadEra da Moon+ Reader da Librera suna buɗe MOBI da AZW3 matuƙar ba a kulle suke ba, amma Apple Books ba ya buɗe su. CBZ da CBR na littattafan zane ne, hotuna ne jere a cikin ƙunshi. Idan kuma kin ga ACSM, wannan ba littafin ba ne, kamar takardar karɓar kaya ce: sai an buɗe ta da Adobe Digital Editions ko manhajar da ke aiki da tsarinsa, sannan ainihin littafin ya sauko.

Wannan ya kawo mu ga waɗanda kika saya. Yawancin manyan shagunan littattafan intanet suna sa wa littafi kulle da ake kira DRM, wanda ke ɗaure shi da asusunki. Kwafe fayil ɗin zuwa sabuwar waya ba ya wadatarwa, sai kin shiga manhajar shagon da asusun da kika saya da shi, ki sake saukewa. Abin yana damuna ƙwarai, domin mai saye yana zaton ya mallaki littafi alhali izinin karantawa aka ba shi. A 2019 Microsoft ya rufe shagon littattafansa, littattafan suka daina buɗewa, aka mayar wa mutane kuɗinsu. Saboda haka in kin sami mai sayar da littafi ba kulle, fifita shi.

Yanzu ga gyaran. Buɗe folda guda a babbar ma'ajiyar waya ko a katin memori, ki kwashe duk littattafan da ke cikin foldar saukewa da ta WhatsApp da ta Telegram ki zuba a ciki. Maimaicin da kike gani daga nan yake: manhaja tana ganin kwafi a kowace folda, ta lissafa kowanne daban. Sai ki shiga saitin manhajar ki ce wannan folda kaɗai za ta riƙa dubawa. Kada ki ajiye littafi a cikin foldar manhajar kanta, domin a Android ranar da aka cire manhaja, foldarta takan tafi tare da ita.

Batun suna kuma, gyara sunan fayil ba koyaushe yake isa ba. EPUB yana ɗauke da sunan littafi da na marubuci a cikinsa, kuma yawancin manhajoji wannan suke karantawa. In wanda ya haɗa fayil ɗin ya bar wurin fanko, sai ki ga lambobi ko "ba a san marubuci ba". Maganin wannan Calibre ne, manhajar kwamfuta ta kyauta da Kovid Goyal ya fara a 2006. Da ita za ki gyara suna da marubuci da bango, ki jera littattafai masu juzu'i bi da bi, ki juya MOBI ya koma EPUB, sannan ki tura wa wayar. Ki tsaya a kan salo ɗaya na rubuta sunan marubuci, in ba haka ba mutum ɗaya zai rabu gida uku a jerinki. Idan kuma kin ga ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa kamar akwati, fayil ɗin lafiyarsa lau. Salon haruffan ne ba shi da su, ki sauya zuwa Noto ko Charis SIL.

Layukan da kika ja su ne abin da ya fi ba ni tausayi, don littafi ana sake samunsa, amma tunanin da mutum ya yi lokacin karatu ba ya dawowa haka. Yawancin manhajoji ba sa rubuta alamominki a cikin EPUB, suna ajiye su ne a nasu kundin. Shi ya sa littafin ya iso sabuwar waya fes, babu ko layi. KOReader yana ajiye su a wata ƙaramar folda kusa da littafin, don haka suna bin sa idan an kwafe duka. Google Play Books kuma, in kin ɗora EPUB ɗinki a kansa, yana riƙe su a asusunki tare da shafin da kika tsaya.

Idan tsohuwar wayar tana nan kuma ba a goge ta ba, alamominki suna ciki. Buɗe manhajar a can, nemi wurin fitar da bayanai ko yin ajiyar kariya a cikin saiti, ki tura fayil ɗin da ta ba ki zuwa sabuwar, ki shigar da shi a manhaja iri ɗaya. Ki yi wannan kafin ki canza sunayen fayiloli, domin wasu manhajoji ta sunan fayil da wurin da yake ajiye suke gane littafi. Bayan nan ki kwafe foldar gaba ɗaya zuwa kwamfuta ko ma'ajiyar intanet, ki kashe data a sabuwar wayar, ki buɗe littattafan ɗaya bayan ɗaya ki tabbatar suna nan, sannan ki goge tsohuwar.