Ku Tambayi Malama: Ɗana na ajin ƙarshe ya fi zama a filin ƙwallo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, Kamaru. Ɗana na fari yana tarminal, wato ajin ƙarshe na sakandare, sashen D na kimiyya, bana zai rubuta bak, jarrabawar kammala sakandare. Shi ne shugaban ƙungiyar ɗalibai ta makarantarsu, kuma yana buga musu ƙwallon hannu. Duk Laraba sai magariba yake shigowa gida, yanzu kuma ga shirin bikin ranar matasa ya taso. Ɗakinsa cike da takardun yabo, amma ni bak nake so. Na ce zan hana shi duka, mahaifiyarsa ta ce in tambaye ki tukuna.

Wani uba daga Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka gaida Hajiya, ta yi dabara da ta tsayar da kai.

Abin da ban gani a wasiƙarka ba shi ne makinsa, kuma da shi ya kamata mu fara. Ka karɓi takardar sakamakon zangon farko ka duba darussa huɗu: ilimin halittu, lissafi, fiziks da kimiyyar sinadarai. A sashen D su ne masu nauyi, domin kowane darasi ana ninka makinsa da wani adadi kafin a fitar da matsakaici, kuma nasu adadin ya fi na saura. Yaro zai iya samun 16 bisa 20 a tarihi, 7 a lissafi ta ja shi ƙasa. Ana cin bak da matsakaicin 10, daga 12 kuma ake fara samun ambaton yabo. In yana sama da 11 a waɗannan huɗun, ƙwallo ba ta cuce shi ba. In yana ƙasa da 9, to akwai magana, amma ko a nan ba hanin Laraba ne zai gyara ba, domin rana ɗaya ce cikin bakwai. Tambayar ita ce me yake yi da daren sauran shidan.

Ka tuna yaron nan ya haye probatuwar, jarrabawar shiga tarminal, wadda mu malamai muka san ta fi tace ɗalibai. Da ƙwallon a hannunsa ya haye ta.

Gaskiyarka a wuri ɗaya: Ofishin Bakaloriya da ke Yawunde, wanda ke shirya wannan jarrabawa tun kafa shi a 1993, bai san da takardun yabon da ke ɗakin ɗanka ba. Mai gyaran takarda ko sunan ɗalibi ba ya gani. Abin da wasa ke kawowa kai tsaye shi ne makin motsa jiki, wanda ake yin gwajinsa a fili kafin rubutacciyar jarrabawa, kuma nauyinsa kaɗan ne.

Sai dai ni na taɓa yin abin da kake shirin yi. Shekarun baya, ina koyar da ilimin halittu a wata lise, wato makarantar sakandare, na sa aka cire wata ɗalibata daga ƙungiyar gudu saboda na ga makinta ya sauka. Na ɗauka zama za ta yi da littafi. Zaman ta yi, amma kamar an cire mata laka, ko hannu ta daina ɗagawa a aji. Ashe abokan gudun nan su ne abokan bitarta, tare suke warware tsofaffin tambayoyin jarrabawa bayan atisaye. Sai a shekara ta biyu ta samu bak ɗin, kuma har yau in mun haɗu a kasuwa nakan ji nauyi.

Don haka shawarata, kada ka hana, ka yanka masa lokaci. Ka bar shi ya yi bikin ranar matasa na 11 ga Fabrairu da hannu biyu, shi ne na ƙarshe da zai yi a matsayin ɗan lise. Washegari ya miƙa ayyukan ƙungiya ga mataimakinsa, zai fi kyau in ɗan ajin da ke bin su ne. Ƙwallo ya ci gaba da ita Laraba kaɗai. In makarantarsu ta yi nisa a gasar wasannin makarantu ta FENASSCO har aka kira su matakin yanki, ku zauna ku ƙirga kwanakin darasin da zai rasa kafin ka sa hannu. Faretin ranar ƙasa na 20 ga Mayu kuwa, wannan ko ni zan ce a'a, domin atisayensa yana faɗawa daidai makonnin ƙarshe kafin jarrabawa. Kuma ka san zafin Garwa a Maris da Afrilu, ya kan wuce digiri 40, ba mai karatun kirki da azahar. Bayan sallar asuba ne lokacinsa.

Abu ɗaya da iyaye ke mantawa: bak ƙofa ce kawai. Makarantar likitanci da ke nan Garwa, ta horar da malamai da ta injiniyoyi a Marwa, ta likitan dabbobi a Ngawundare, duk da konkur, wato jarrabawar gasar neman gurbi, ake shigarsu. Ka tambaye shi wacce yake nufi tun yanzu.

TAMBAYA: Malama, ina tarminal, sashen A4, a Marwa. Sunana a takardar BEPC, shaidar kammala matakin farko na sakandare, ya bambanta da na takardar haihuwata da harafi ɗaya. Wai zai iya hana ni wani abu?

Wata ɗaliba daga Marwa

AMSA: Zai iya, 'yata, musamman ranar da za ki haɗa takardun konkur, inda ake jera su a duba harafi da harafi. Takardar haihuwa ita ce uwa. In ita ce daidai, ki kai kwafinta wurin shugaban makarantarku ya nuna miki yadda ake rubuta buƙatar gyaran BEPC ɗin, ki kuma duba jerin sunayen masu rubuta bak da idonki in an liƙa. In kuskuren a takardar haihuwar yake, gyaran yana iya kaiwa ga kotu, kuma wannan yana iya cin watanni. Ki faɗa wa Baba yau, ku je cikin makon nan.