Kile na fara gudu sai ya koma rarrafe, jabu ne?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ɗaukar bidiyon biki nake a unguwar Ali Dan Sofo ta Maraɗi, na sayi kile (ɗan abin ajiyar fayil da ake sokawa a ramin USB) mai giga 64 a babbar kasuwa, in na tura bidiyo mai giga 8 sai ya fara da gudu kamar me, can sai ya koma mega 6 a sakan. Jabu aka ba ni? In sayi wani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba lalle jabu ba ne. Gudun farkon nan shi ne na bogi, mega 6 ɗin kuwa shi ne ainihin ƙarfin kilen naka. Ordinata ba ta kai kaya kai tsaye, sai ta fara jibge su a RAM, wato ma'ajiyarta ta wucin gadi, tunda nan akwai sauri, kamar babbar mota ta sauke buhunan gyaɗa a zaure amma yaro ɗaya ne ke shigar da su ciki, to muddin zauren bai cika ba za ka ga aiki na gudu, yana cika kuwa dole motar ta jira yaron. Ƙananan hotuna ba sa cika wurin shi ya sa ba ka lura, bidiyo ne ke tona asiri. A ordinata mai tsarin Linux ma an ƙayyade girman zauren nan, kusan kashi 20 cikin 100 na RAM ɗin da ke sake.

Kuma don Allah kar ka fizge kile don ka ga an rubuta an gama, danna Éjecter (umarnin cire kile lafiya) tukuna, don wataƙila sauran bidiyon na nan a RAM bai shiga ba, sai ya lalace. Windows 10 tun sigar 1809 ta rage wannan haɗarin, amma ni dai ban yarda a yi caca da bikin mutane ba, ga ɗauke wuta ga komai.

Maganar saye kuwa, lambar da ake bugawa ƙatuwa a jikin kwali yawanci saurin karantawa ce, kai kuma na rubutawa kake nema. Je shago da ordinatarka, tura bidiyo babba, ka duba inda gudun ya tsaya bayan minti biyu. Ka soka kilen a rami mai shuɗin ciki, USB 3, don USB 2 ko mega 40 da ƙyar yake kaiwa. Ga mai sana'a irin taka gara ka daure ka tara kuɗin SSD na waje, wato faifan ajiya mai sauri da ake jonawa, shi ma yana sassautawa in ma'ajiyarsa ta wucin gadi ta cika amma ba ya faɗowa haka. In kana zargin gigan ne ba su cika ba, akwai manhajar gwaji H2testw, kyauta ce, za ta cika kilen ta karanta ta gaya maka.